Ranar da Tanne Ta Buga Man Kaɗe

Duk unguwarsu a Filinge babu wanda bai san bakin Tanne ba. Mace ce wadda in ta je famfo da safe, kafin bokitinta ya cika ta ɗaura auren wasu ta kashe na wasu, ta kuma faɗi wanda zai mutu da bashi. Mijinta Maidawa tuni ya koyi amsa mata da kai kawai, har wuyansa ya saba.

To, sai ga ɗiyarta Samiratu ta ƙone fuska. Wani man ƙara haske ta sayo a ɓoye wajen 'yan tebur, ta yi ta laftawa har kumatunta suka saɓule, fatar ta tsattsage. Yarinya ta shige ɗaki, ko ƙofar gida ta daina leƙawa. Malamar asibiti ta ce a watsar da kowane irin shafe-shafe, a nemi man kaɗe tsantsa wanda ba a garwaya da komai ba, in ba haka ba tabon nan ya zauna ke nan. Hankalin Tanne ya tashi ƙwarai, don duk masifarta tana son 'yar nan kamar ranta. Ba ta yarda da man kasuwa ba, ta ce rabinsa kitse ne. Ranar Lahadi ta hau mota sai kasuwar Baleyara, ta nemo ƙwaran kaɗe wajen wata 'yar Gaya, tunda kaɗanya ba itacen ƙasarsu ta Kurfai ba ce.

Kafin ta saya kuwa, sai da ta kushe ƙwaran, ta kushe mudun, ta gangaro kan zanen matar da wushiryarta. 'Yar Gaya ta haɗiye. Ta bayyana mata aikin tiryan-tiryan, sannan ta rage murya.

"Amma hwa yaya, abu guda. In kin sa hannu cikin ƙullu, ki kama bakinki sai mai ya taso. Kika hurta kalma guda, ya kwanta ke nan, sai dai ki zuba ma awaki."

Ko haka ake yi a Gaya, ko matar ramawa ta yi, wallahi ban sani ba. Tanne dai ta ɗauka da gaske. Samiratu kaɗai ta gaya wa, don kada maƙiya su ji su zo su ja ta da magana.

Ta wanke ƙwaran ta shanya, ta daka a turmi, ta soya har gidan ya gume da ƙauri, ta kai inji aka niƙa ya zama ƙullu baƙi mai kauri. Duk wannan da bakinta ta yi shi, mai injin ma ya samu rabonsa. Da gari ya waye ta zauna gindin bishiyar bedi, ta girke babbar roba tsakanin ƙafafunta, ta yayyafa ruwa, ta ce bismilla ta tsoma hannu. Daga nan ta datse baki.

Ko hannunta bai ɗumama ba sai ga maƙwabciyarta Hawa, abokiyar gulmarta, ta faɗo babu sallama, ɗankwali a hannu.

"Tanne! Kin ji da wa anka kama Kailu tela bayan tasha?"

Wayyo Allah! Labarin da Tanne ta yi damina guda tana jira. Maganar ta taso mata har maƙogwaro, ta haɗiye ta da ƙyar, ta ci gaba da bugun ƙullu, fat, fat, fat.

"Ke Tanne, da ke hwa nika!"

Shiru. Hawa ta leƙa fuskarta, ta ga ido ja wur, leɓe na rawa, zufa na tsiyaya. Ta kurma ihu ta fita a guje. Kafin ka ce me, gida ya cika da mata. Wani ya kirawo Maidawa daga majalisa, wata ta jawo Iya Dijatu, tsohuwar 'yar bori da ke ƙarshen layi. Tsohuwa ta zagaya Tanne tana dogara sanda, ta shinshina iska, ta gyaɗa kai.

"Iskan nan na, Bebe. Shi ya hau ta. Ku saki jikinku, ba ta nan. Goɗiyar da iska ya hau ba ta jin abin da anka hwaɗi bisa kanta."

Ai kuwa suka saki jiki. Hawa, Hawar da suke cin tuwo kwano ɗaya, ita ta fara. Ta ce ita dai tsoro ke kawo ta gidan nan, don wanda bai zauna gaban Tanne ba, to da shi za a yi hira. Wata ta ce tun da Tanne ta yi wa miyarta suna a gidan biki ba ta sake ɗora tukunya cikin mutane ba. Wata ta ce ita fatanta Allah Ya sa iskan ya zo da iyalinsa.

Tanne na ji. Kowace magana tana da amsarta a shirye, mai zafi, da sunan uwa da na kaka. Ta dubi ƙofar ɗakin Samiratu, ta ƙara ruwa, ta huce kan ƙullu.

Iya Dijatu ta ce in an shirya sai a kira mai goge a roƙi baƙon ya sauka. Maidawa ya yi gyaran murya. Mutane suka waiga, don da yawansu sun manta yadda muryarsa take.

"Iya, mi za a yi da gaggawa? Baƙo na, daga nesa ya hito. In zakara shika so, akwai. In ma zama shika so, ɗaki akwai."

Aka kwashe da dariya. Tanne ta nausa hannu cikin roba da ƙarfin da sai da ƙullu ya fantsalo wa Maidawa a riga.

Ana cikin haka labule ya motsa. Samiratu ta fito, babu mayafi a fuskarta, ta zo ta durƙusa kusa da robar. Mata suka shiga satar kallon kumatun. Hawa ta kasa haƙuri.

"Ke kuwa ɗiyata, mi ya kai ki? Kina zamanki lahiya?"

Samiratu ba ta dubi Hawa ba, hannun uwarta take kallo.

"Tun ina ƙarama Inna ke ce mini gindin tukunya. In na yi kwalliya ta ce tukunya ta sha wanki. Na ce bari in yi haske ko sau guda ta kira ni da sunana."

Duk gidan, ban da uwar, Samiratu kaɗai ta san babu wani iska. Kuma tun da aka haife ta, yau ne ta fara kai magana ƙarshe a gaban uwarta.

Hannun Tanne ya tsaya. Abin ya soke ta har cikin ƙashi, kunya da baƙin ciki suka rufe ta, hawaye ya gangaro ta goge da kafaɗa. Ta sake yayyafa ruwa ta ci gaba. Can sai ƙullun nan baƙi ya fara washewa, kumfa fari-fari ta taso ta rufe saman ruwa. Mai ya taso. Iya Dijatu ta ce wannan aikin Bebe ne, mata suka yi ta salati suna watsewa.

Tanne ta kwashe, ta wanke, ta dafa har ruwan ya ƙone, ta tace da ƙyalle mai tsabta ta ajiye a inuwa. Ba ta ce wa kowa uffan ba, ko da yake sharaɗin 'yar Gaya ya riga ya cika.

Washegari mai ya daskare, launin madara. Ta zaunar da 'yar a tabarma, ta lakato kaɗan ta murza a tafi har ya narke, ta fara shafa mata a hankali.

"Samiratu," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa, "da zahi?"

"A'a, Inna."

Maidawa ya leƙo ta saman zana yana tafiya a kan yatsu, ya yi raɗa.

"Baƙon namu ya tashi?"

Amsarsa ta taso wa Tanne cikakkiya, har ta ja numfashi. Sai ta dubi kumatun da ke cikin hannunta, ta sake lakato mai.

Samiratu ta ce, "Shina nan, Baba."