Gangar da Ba Ta Kuskure

Ran da za a yi sharhin faifansu a rediyo, Mai Ganga ko abincin rana bai tsaya ci ba. Ya jawo kujera gaban akwatin, ya hana kowa ko tari a falon. Bai taɓa jin faifan a haɗe ba, don ƙaninsa Auta, mai jita, kullum cewa yake a bari ya fito ya ji shi tare da jama'a.

Mai sharhin, bakinsa kamar reza, ya fara da wani faifan hip-hop: kalmomin da kaifi, amma ka ji waƙa ɗaya ka ji sauran. Ya koma kan wani na kiɗan natsuwa, ba waƙa ba ganga, sai ruwa da iska, ya ce madalla ga mai neman barci. Sannan ya iso nasu na post-rock, irin kiɗan nan da ke tasowa a hankali kamar ruwa a tukunya har ya tafasa.

"Jitar ta cika jan rai," in ji shi, "amma gangar ita ta riƙe faifan. Ko sau ɗaya ba ta kauce ba."

Matar Mai Ganga ta ce, "To fa, yau kan wani ba zai shiga hula ba."

Yana ta washe baki har aka sako kiɗan. Shi fa yana da wata ɗabi'a: dab da jita za ta fashe, sai ya ɗan riƙe hannu, ya bar zuciyar mai ji a rataye, sannan ya sauke sanda. A rediyon kuwa bugun ya faɗo cif a kan lokaci. Wannan ba hannunsa ba ne, na'ura ce.

Ya nufi situdiyo, ya tarar da Injiniya, mai haɗa musu sauti, yana naɗe wayoyi, Auta na gefe yana sauya tsirkiyar jita.

"Wa ya cire mini ganga?"

Injiniya ya shiga kallon silin, kai ka ce yau ya fara ganinsa. Auta ne ya amsa, kansa a ƙasa.

"Ni na ce a cire, Yaya. Hannunka ya yi nauyi tun bara. Da can da gangan kake jinkirin, yanzu kuwa shi ke zuwa da kansa. Kowa ya sani."

Kowa. Kalmar ta fi cirewar zafi. Yaron da ya goya, wanda ya koya wa ƙirga kiɗa a kan murfin bokiti, shi ke gaya masa haka, a gaban bare.

"To, na ji. Ku ba ni nawa bugun in tafi da shi gida. Ko ba kyau, gumina ne."

Auta ya dubi Injiniya, Injiniya ya dubi wayar da ke hannunsa.

"Babu shi, Yaya. Tun ranar farko ba mu jona makirufonka ba. Mun dai bar ka ka buga don kar ranka ya ɓaci."

Mai Ganga ya leƙa ɗakin gilashin inda ya yi wata da watanni yana zufa, yana ɗago kai bayan kowace waƙa, su kuma suna ɗaga masa babban yatsa. Ya ɗauki sandunansa daga kan kujera, ya tambayi Injiniya ko ƙofar baya a buɗe take.