Wuyan Tulun Haske

Malam Sahabi ya daɗe yana roƙon ɗansa Ibrah ya kai shi tsohon gidan Alhaji Baƙo kafin idanunsa su ƙarasa rufewa. Ba kallon gidan ya dame shi ba. Kabarin uwarsa Haske yake so ya tsaya a kai, wadda ta yi wa gidan daka har ta mutu, aka rufe ta a bayan garka tare da sauran barori.

Bayan an gama yankan hatsi, Ibrah ya goya shi a babur daga Filinge, suka ɗauki hanyar Bonkuku.

Gidan ya zama sabo. Jikan mai shi, Abdulgafar, ya dawo daga Yamai ya sa an yi yaɓe, an ta da soron da ya rushe, yana buɗe wa masu zuwa kallo. Shi da kansa ya tarbe su, har da durƙusawa. Ya nuna musu sirdin raƙumin kakansa da takubba, sannan wani baƙin turmi a gindin bango.

"Baba, wanga turmi ya girmi ubana," ya ce yana dariya.

Sahabi ya zura hannu ciki ya shafa. "Na san shi. Kai mu baya, ɗana. Akwai wuyan tulu da na kafa da hannuna, mai zane kamar ƙafar kaza. Tulun innata ne."

Suka shiga garka. Mangwaro da gwaiba sun yi duhu, ruwa yana gudu cikin lambatu. An share hanya tas, an jera mata fasassun tukwane gefe da gefe, an shafe su da farar ƙasa. Ibrah ya tsaya cak. A cikin jerin, ga wuyan tulu mai ƙafar kaza.

Ya zaunar da ubansa a inuwa, ya ja Abdulgafar gefe.

"Waɗanga, ina kuka samo su?"

"Can baya. Tarkace ne barjat, na ce a yi ado da su. Wurin muka baje muka sa dankali." Sai ya dubi fuskar Ibrah, murmushinsa ya mutu. "Mi ya faru?"

"Kaburbura ne."

"Innalillahi. Wallahi ban sani ba. Namu suna gabas, cikin shinge. Ba wanda ya taɓa gaya mini akwai wasu."

Ibrah ya yarda da shi, kuma abin da ya fi yi masa zafi ke nan. Da mugunta ce, da ya samu wanda zai zaga. Mutanen gidan sun riƙe labarin turmi, sun bar na wadda ta daka a ciki.

Ya leƙa baya. Fili ne shimfiɗe, kunya bayan kunya, kore shar. Ba tudu, ba alama.

"Ibrah!" tsohon ya kira. "Ko kun tahi kun bar ni?"

Ibrah ya tumɓuke wuyan tulun, ya goge farar ƙasar da bakin rigarsa. Ya taka har ƙarshen kunyoyin, ya zaɓi wuri busasshe ya kafa shi. Ya san yana iya zama kan kabarin wani, yana iya zama ba kan na kowa ba. Ya koma ya riƙo hannun ubansa.

Sahabi ya durƙusa, yatsunsa suka bi zanen. "Inna, ga ni." Ya daɗe yana addu'a. Abdulgafar yana tsaye daga nesa, hula a hannu, ya kasa matsowa.

A hanyar komowa tsohon ya yi ta magana a bayan kunnen ɗansa.

"Ka gani? Mutanen kirki. Shekaru nawa, ko taɓa shi ba su yi ba. Ni da nike zarginsu, Allah shi gafarta mini." Ya ƙara riƙe rigar Ibrah. "In ta Allah ta kasance, ka roƙi yaron nan. Nan za ka sa ni, dab da ita. Ka dai ga wurin."

"Na gani, Baba," in ji Ibrah, ya ƙara wa babur wuta.