Inda Laka Ke Da Sanyi

A ƙauyen su Bi Mashavu, wato Malama Mashavu a yarensu, can bakin teku a tsibirin Unguja, da ƙafa ake neman ƙumba. Idan ruwa ya janye da hantsi sai mata su bazu cikin laka, kowace da kwandonta, suna tafiya suna murza tafin ƙafa. Da yatsa ya taɓo abu mai tauri, a sunkuya a tono. Mashavu kuwa ita ce gwanar garin. Da ƙumba ta yi wa ɗakinta rufin kwano, da ita ta aurar da 'ya'yanta, tun lokacin da kifi ya yi wa mazan garin wuya, suka koma zaman gindin kwakwa suna ɗinkin komar da ba ta kama komai.

Tana da wani wuri nata da ba ta taɓa nuna wa kowa ba. Bi Mwatima, ƙawarta kuma abokiyar faɗanta tun suna 'yan mata, ta yi lallashi, ta yi zagi, har bin sawunta ta yi, duk a banza.

To, sai ciwon sukari ya shigo wa Mashavu ta ƙafa. Da farko kamar kiyashi ke yawo a tafin, daga baya shiru, ko garwashi ta taka ba za ta sani ba. Ta kama bakinta. Don a garin, wadda ƙafarta ta daina ji barin laka take yi, ta koma gindin mangwaro wurin tsofaffi masu dafa ƙumba suna ɓarewa. Wallahi ba abin da Mashavu ke tsoro irin gindin mangwaron nan. Sai ta koma durƙusawa tana lalube da hannu, wai baya ke damunta.

Ran nan Mwatima ta biyo ta kusa da ita, ta leƙa kwando.

"Ke Mashavu, salla kike yi a cikin laka? Wannan ai ko kyanwa ba za ta ƙoshi ba."

"Ki ji da naki, uwar surutu. Manya nake zaɓa."

Mwatima ta buɗe baki za ta rama, sai ta ga ruwan da ya kwanta a bayan Mashavu ya yi ja. Fasasshen ɓawon ƙumba ne ya shige mata dunduniya, ita kuwa tana ta lalubenta hankali kwance. Mwatima ta ajiye kwando, ta zare ɓawon, ta yagi bakin zanenta ta ɗaure wurin. Sannan ta kama yatsa ɗaya na ƙafar ta matse da ƙarfi.

"Kada ki duba. Wanne na riƙe?"

Mashavu ta zuba wa teku ido. "Babban."

Ƙaramin ne. Sauran mata na can nesa suna hayaniyarsu.

"Ba wadda ta gani," in ji Mwatima ƙasa-ƙasa. "Ki riƙa bina kawai, ina zuba miki a kwando."

"Ni za ki ciyar kamar marainiya? Allah ya kiyaye!"

Ta faɗa da tsiwa, amma hawaye ne a idonta. Ta tuna wata maƙwabciyarta da irin wannan rauni ya ci, har aka yanke mata ƙafa a asibiti. Ta daɗe tana kallon lakar, abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

"Matso, makauniya, in faɗa miki wurin nan nawa," ta ce. "Kin ga baƙin dutsen can? Ki ba shi baya, ki nufi kukar tsohon masallaci. Kada ki tsaya neman alama, babu. Ki yi ta tafiya har ki ji laka ta yi sanyi a ƙafarki, sanyi irin na ruwan randa. Nan ruwan daɗi ke ɓuɓɓugowa ta ƙasa, nan suke kwance. Ki bar ƙanana, in kin kwashe su ban yafe ba."

"To, zo ki kai ni mana."

"Jiya na je," in ji Mashavu. "Na yi ta zagaye, ban same shi ba."

Ta ɗauki kwandonta ta nufi tudu tana ɗingishi, zanen na jan laka. Tsofaffin gindin mangwaro suka hango ta. Ɗaya ta gyara zama ta matsa mata tabarma.