Ƙudan da Wendell Ya Soka a Hulata

Lorene, ’yar yayana, ita ta ɗora mini wannan kaya. Ta same ni a bakin gareji ranar Alhamis, ta ce in fita da babanta tafki ranar Asabar, in sa masa ido. In na dawo na ce hankalinsa yana nan, za ta bar shi a gidansa na bakin ruwa. In kuwa na ce a’a, za ta kwashe shi zuwa gidanta a Jackson. Sau biyu ke nan yana barin tukunya a wuta, sau ɗaya kuma an tsince shi a bayan coci yana neman motar da ya sayar tun bara. Na ce mata ni ba likita ba ne. Ta ce, “Baffa Hoyt, kai kaɗai ne ba za ka yi mini ƙarya ba.” Raina ya ɓaci, don na san yayana Wendell. In aka raba shi da ruwa, ba zai ga wata shekara ba.

An yi ruwan sama kwana biyu a jere, tafkin ya yi jawur. Watan Afrilu ne, lokacin da kifin da muke kira kirafi ke haurowa gefe su yi ƙwai a cikin karmami. Da muka shiga jirgin ruwa, na bar shi da injin, ban nuna masa hanya ba. Kai tsaye ya kai mu kan tsofaffin bishiyoyin Kirsimetin da muka ɗaura wa bulo muka nitsar shekaru da suka wuce don kifi su riƙa taruwa a ciki. Ko waige bai yi ba. Ya daidaita jirgin tsakanin matacciyar bishiya da hasumiyar ruwa, ya kashe inji. Na ce a raina, to, ɗaya ke nan.

Na buɗe akwatina na zaro farin ƙuda, wato ’yar ƙugiya da na naɗa wa gashin talo-talo, mai kama da ɗan kifi. Wendell ya kalle ni ya girgiza kai. Ya tambaye ni ko kifin nan tabarau suke sawa da za su hangi fari a cikin wannan kunu. Ya ce ruwa in ya gurɓata sai baƙi da kore mai haske, kuma mai ɗan nauyi a ka, don ya nitse a hankali ya tsaya a saman karmamin, tunda kirafi sama yake kallo, ba ya sunkuyawa ya ci abu a ƙasa. Ya ɗaure nasa, bai ko duba ba.

Jifa na uku ya ɗago na farko. Ni ma da na canza ƙuda sai na ji an taɓa, na fizge sandar da ƙarfi, ƙugiya ta dawo fayau. Wendell ya yi dariya har da tari.

“Tarwaɗa ka zo kamawa? Bakin kirafi kamar takarda yake. Ɗaga hannu kawai, kada ka yage masa leɓe.”

Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Muka ci burodin masara da kofi daga gora ɗaya. Kafin rana ta yi tsaka mun tara sha huɗu, tara nasa ne. Har na gama shirya abin da zan gaya wa Lorene, cewa ta koma Jackson ta kula da mijinta, tsohon nan ya fi ta hankali.

Da muka fara naɗe zare, sai ya buɗe akwatinsa ya daɗe yana zaɓe. Ya ɗauko wani baƙin ƙuda mai koriyar jela, irin wanda shi kaɗai ya iya ɗaurawa a duk yankinmu. Ya miƙo hannu ya cire hulata, ya soka shi a gefe, ya mayar mini da ita.

Shekara hamsin muna fita tare, Wendell bai taɓa ba ni ƙuda ko ɗaya ba. Cewa yake ƙanensa ba zai yi roƙo ba, in zauna in koyi ɗaurawa. Baƙo yake ba, wanda ya haɗu da shi a kan ruwa sau ɗaya. Sai ya soka masa a hula, don ya tafi da shi garinsu. Kowa a bakin tafkin nan ya san haka.

“Ka iya zama a jirgi, bawan Allah,” in ji shi. “Amma fizgar nan taka sak ta ƙanena Hoyt. Kai mutumin ina ne?”

Da ƙyar na ce masa ni ma na kusa da nan ne. Ya ce madalla, in na ga Hoyt in gaishe shi, ya kwana biyu bai leƙo ba.

Duk tsawon hanyar komawa kokawa nake da zuciyata. Ai ya san ruwa, ya san kifi, ya san hanyar gida. Mene ne a ciki don ya manta fuskata na rabin awa? Na yanke shawara zan yi ƙaryar, in kuma riƙa zuwa kullum ina duba shi. Na kai hannu zan zare ƙudan, sai na ga yana kallona yana murmushi, kamar wanda ya yi babbar kyauta. Na kasa.

Lorene tana tsaye a bakin gaɓa, hannu a aljihu. Ta leƙa bokitin kifin, fuskarta ta saki. Na ce mata shi ya kai mu, shi ya zaɓi ƙuda, tara nasa biyar nawa. Duk gaskiya ne. Sai idonta ya kai kan hulata. Ta daɗe tana kallo.

“Baba ne ya soka maka?”

Ba ta jira amsa ba. Ta juya baya ta share ido da hannun riga.

Wendell ya fito daga jirgin yana dafa gwiwa, ya kira ta da sunanta sarai.

“Lorene, samo leda ki zuba wa mutumin nan kifi shida. Ya yi zama da ni tun safe, kada ya koma wa iyalinsa hannu biyu.”

Ta samo ledar. Na karɓa, na yi masa godiya.