Ƙafar Tsohon Keke

Tela yana tsakiyar yanka wuyan riga ya ɗago ya ga Malama a bakin shago, riƙe da hannun 'yarsa Auta, alhali ko tashi daga makaranta ba a yi ba. Almakashi ya zarce ya ci inda bai kamata ba.

Ya san irin wannan zuwan. Makarantu biyu sun dawo masa da 'yarsa, kowacce da "a yi haƙuri". Auta ba ta haɗa ido da mutum, maganarta ba ta wuce kalma ɗaya ko biyu, kuma likita ya ce haka Allah ya yi ta, ba iska ba ce kamar yadda gwaggonta ta dage. Wannan makarantar ce kaɗai ta rage a kusa. In ta kore ta, shi ke nan, sai zaman gida.

"Sannu da zuwa, Malama. Me ta fasa?"

"Ba ta fasa komai ba, Baban Auta. Tebur take duka da ƙafa tun safe, dum-dum-dum, har ajin kusa da mu sun kawo ƙara. Hedimasta ya ce in abin bai canja ba..."

"Don Allah ku rufa min asiri," ya katse ta. "Uwarta kuka za ta yi ta yi."

"Ai ba sallama na kawo ba. Na zo in ga abin da take yi in tana gida ne, tunda ka ce a nan ba ta da fitina."

Kafin ya amsa, Auta ta zame hannu ta nufi lungun shagon, inda wani tsohon keken ɗinki yake, kansa ya daɗe da mutuwa an cire, sai ƙafar da katakon sama. Ta haye kujera ta ɗora ƙafafu a feda ta fara takawa.

"Ke! Sauka, kin ga baƙuwa kina..."

"Bar ta," in ji Malama. Ta karkata kai tana saurare. "Ka ji? Wallahi bugun nan ne sak take yi min a aji."

Ta ɗauki allin da yake zana yadi, ta durƙusa gefen yarinyar, ta rubuta baƙi a kan katakon. Auta ta kalla, ƙafafunta ba su tsaya ba.

"Ba," ta ce.

Malama ta ƙara wani. Auta ta faɗa. Malama ta haɗa su, Auta ta ce, "Baba."

Tela ya zauna a kan tulin yadin mutane bai sani ba. "Ikon Allah! Ni kuwa kullum korarta nake daga wurin nan, wai kar ta ji ciwo."

"Ni ma kullum 'daina' nake ce mata. Ashe ƙafar ke riƙe mata hankali. Za ka ba mu aron keken?"

"Aro? Ku haɗa har da mai shi!"

Ya saɓa ƙarfen a kafaɗa, Malama ta riƙo kujera, Auta na biye. Maƙwabcinsa mai gyaran waya ya leƙo yana tambaya ko kasuwa ce ta ci shi.

Hedimasta ya tare su a bakin aji yana kallon kayan ta saman tabarau. "Malama, sashen ɗinki muka buɗe ban sani ba?"

"Ranka ya daɗe, ka ba mu zuwa tashi kawai."

"To ƙarar fa?"

Nan Tela ya samu bakin magana. Ya zaro 'yar kwalbar mai daga aljihu ya ɗiga a kowace gaɓa, ya naɗe sandar feda da ƙyalle, ya murza. Ko ƙis. Hedimasta ya taɓe baki ya ce a gwada a gani.

Aka ajiye keken a layin baya. Yara suka yi caa, kowa na son ɗanawa, Malama ta ce wannan teburin Auta ne. Auta ta hau, ƙafafu suka kama aiki, idonta ya tafi kan allo ya zauna.

Tela ya tsaya a taga yana jira, don kullum in zai tafi sai ta ƙanƙame wandonsa tana ihu. Ya yi gyaran murya. Ya ɗaga mata hannu. Ko waiwayowa ba ta yi ba.

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya goge ido da hula, ya juya. Akwai wuyan rigar mutane da ya ɓata yana jiransa, kuma yau ko a jikinsa.