Tsutsa a Hawa na Uku

Jami'in lafiya ne, aikinsa raba maganin tsutsar ciki a unguwannin da kwata ke bi ta ƙofar gida. Ba ya barin wuri sai kowane yaro ya haɗiye, ya buɗe baki an duba. Shi kuwa a hawa na uku yake zaune, banɗaki da tayil, ruwan sha na gora. Gidajen bene ba sa cikin rabon, don haka ko ƙwaya ɗaya bai taɓa kawowa gida ba. Wa zai ba?

Da autarsa ta fara rama tana yawan susa, nan take ya gano masu laifi: 'ya'yan ƙaninsa, masu zuwa hutu daga gidan haya mai masai ɗaya. Ya buga wa ƙanin waya.

"Ka ɗan riƙe yaranka tukuna. Ka san yanayin wurinku."

"To, Yaya," in ji ƙanin. Tun daga ranar bai ƙara ɗaukar kiransa ba.

Abin ya dame shi ƙwarai, don su biyu suka rage wa juna. Amma maimakon ya ba da haƙuri, gogan naka sai ya shiga neman hujja. Ya lallaɓi matar ƙanin ta aiko da bayan gidan yaran a 'yan kwalabe, ya haɗa da na 'yarsa, har da nasa don a ga adalci, ya kai ɗakin gwaji.

Mai gwajin ta matsa masa ya leƙa na'urar duba ƙwayoyin cuta. Ƙwan tsutsa birjik!

"Kin gani ko? Na wane yaro ne?"

"Yaran ƙaninka ba su da komai, ai ku kuke ba su magani. Wannan naka ne, ranka ya daɗe. Na 'yarka ma bai kama ƙafarsa ba."

Ya dafa tumbin da ya daɗe yana ɗauka alamar hutu ce. Ashe shi ma gidan haya ne. Ya tuna lemon da yake sha a bakin titi bayan aiki, yana goge hannu a wando.

Da yamma ya tsallaka kwatoci ya je ya zayyana wa ƙanin komai, har yana ƙara gishiri, yana kiran kansa sarkin tsutsa. So yake ƙanin ya tuntsire da dariya a wuce wurin. Ƙanin ya saurara har ƙarshe, ko murmushi bai yi ba.

"Allah ya ba ka lafiya, Yaya. Amma da a ce a cikin yarana aka samu fa?"