Gadon Ƙarfen Inna Kulu

"Ku aje shi! Na ce ku aje gadon ga!"

Ni ce nake wannan ihu a tsakar gidan mutane, hannuna duk garin shinkafa, ko mayafi ban tsaya ɗauka ba. Ƙarti biyu sun riga sun kwance gadon maƙwabciyata Inna Kulu, sun fito da fuskarsa ta wajen kai suna karo da bakin ƙofa. Katifarta ta rimi na yashe kusa da randa.

Ɗanta Abdussamadu yana tsaye cikin farar shadda, yana kaɗa makullin mota. Babban ma'aikaci ne a Sakkwato, lokacin nan kuwa duk wani mai biro a aljihu can yake, don garinmu Birnin Kebbi bai zama hedikwatar kowa ba tukuna.

"Yaya Laure, mi yay yi zahi?" in ji shi yana murmushi. "Leƙa waje ki ga abin da niz zo mata da shi."

Na leƙa. Wani ƙaton gadon fomeka ne a bayan mota, fari ƙal, da madubi da durowa, da katifar soso mai kauri. Yaran unguwarmu ta Nasarawa sun kewaye shi suna shafawa.

"Ta ce maka tana so?"

"Na tambaye ta, ba ta ce komi ba. Kwanan baya na zo da abokan aikina gaishe ta, sunka iske ta bisa wanga ƙarhe mai tsatsa. Wallahi ji niy yi awa ƙasa ta tsage in shige."

Ba ta ce komai ba! To dama me za ta ce? Abdussamadu ɗan farinta ne. Tun da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, kuma daga ranar da ta haife shi Inna Kulu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kallonsa ido cikin ido ba. In ya shigo gaisuwa, bango take juya wa fuska, ta amsa da "lahiya" ɗaya, shi ke nan. In za ta ambace shi, sai ta ce "wancan na Sakkwato." Haka mutanen da suke kunyar ɗan fari, ita kuwa ta riƙe tata har ta wuce ta kowa. Shi ma ya san da haka sarai, boko ne kawai ya sa ya ga damar mantawa.

Na shiga ɗakin. Tana zaune a tabarma, ta juya baya, carbi a hannu. Shekara uku ke nan da yanar ido ta rufe mata gani, haske kawai take bambancewa da duhu.

"Inna, za su tahi da gadonki. Ki yi magana."

"Bar su, Laure."

"Ni in gaya mai?"

"In kinka gaya mai, ban yahe miki ba."

Sai na yi shiru, ni Laure da duk unguwa ta sani da baki. Ina ji ina gani aka loda gadon, Abdussamadu ya ce wa ƙartin su kai wa wani dillali a Argungu, shi kyauta ma ya bar masa. Har yau in na tuna shirun nan nawa, kaina nake fara zagi kafin in zagi kowa.

Gadon nan ba tarkace ba ne. Mahaifinta ne ya sayar da shinkafar fadamarsa ta shekara guda ya saya mata shi da za a kai ta ɗaki. A kansa ta yi jegon 'ya'ya bakwai, biyar ta binne, saura Abdussamadu da wata ƙanwarsa da ke aure a Yawuri. A kansa mijinta ya cika. Da idonta ya tafi kuwa, gadon ya zama mata ɗan jagora. Ta kama ƙarfen wajen kai ta miƙe, taku uku ta iske buta, taku biyu ta iske ƙofa. Ba ta taɓa neman a riƙe mata hannu ba.

Sabon gadon ya cinye rabin ɗakin. Ya yi mata tsawo, ga santsi, babu inda hannu zai kama. Madubin kuwa, ina amfaninsa ga makauniya? Matan unguwa suka yi ta shigowa kallo, suna "Kulu, kin haihu! Allah shi yi mai albarka." Ita kuma tana amsawa da amin. Ni kaɗai ta ce wa, "Laure, abin ga in na hau shi, ji nikai awa ina cikin kwalekwale."

Kwana na tara, da kiran azahar, na ji faɗuwar abu ta katanga. Na ruga. Ta tashi za ta yi alwala, ta kai hannu inda ta saba kai shi shekara hamsin, ta damƙi iska. Na same ta a ƙasa, ƙafarta ta dama ta juya, goshinta ya bugi bakin durowa. Ko kuka ba ta yi ba, salati kawai take.

Mai ɗori ya zo ya ce ƙugu ne, kuma ƙashin tsoho ba ya jin magana. Aka shimfiɗa mata tabarma a gefen sabon gadon, don ta rantse ba za ta ƙara hawansa ba. Damina ce, ƙasan ɗakin na tsattsafo da sanyi, kafin mako ya zagayo tari ya kama ta. Mijina Malam Kalilu ya aika wa Abdussamadu, aka ce yana Kaduna wajen kwas. Direbansa ya zo da buhun shinkafa, da kwalaben magani, da bargo sabo fil a leda. Komai nasa sabo.

"In ya tambaya, ki ce santsin ruwa ya kashe ni," in ji ta. A bakinmu na nan, wanda ya faɗi ƙasa ma an kashe shi ne, amma ranar sai da gabana ya faɗi.

Wata safiya ina ba ta kunu, ta ture kofin.

"Laure, na san tahiya ta zo. Ban jin tsoro. Abu guda ka damuna, in cika nan ƙasa awa baƙuwa cikin ɗakina. Da bisa gadona ne, inda maigidana yac cika."

Na aje kofin. Na koma gida na ce wa Malam Kalilu Argungu za ni. Ya dube ni, ya ga fuskata, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Dillalin sunansa Dikko, rumfarsa na bayan kasuwa, cike da kujeru masu ƙafa uku da kabad-kabad da gara ta ɗanɗana. Da na kwatanta masa gadon sai ya washe baki.

"Wanga ai ya daɗe da tahiya, Hajiya. Ƙarhen da ne, yanzu ba a yin irinai. Na sa anka kankare shi, anka shahe shi da koren fenti, anka sake mai waya. In kin gane shi, ki yanke min kunne."

"Wa yac ce ka taɓa shi?"

"A'a! Kyauta anka ba ni, kuma sai in tambayi izini?"

Na so in zage shi, amma da wane laifi? Sana'arsa ya yi. Ya sa aka raka ni gidan wadda ta saya, wata mai suna Riskuwa, matar wani masunci, can wajen bakin gulbi. Ɗiyarta za ta aurar bayan kaka. Ta ɓoye gadon a ƙuryar ɗaki ta lulluɓe shi da tsofaffin zannuwa, don kada dangin ango su ji labarin na hannu ne. Da ta ji abin da ya kawo ni, sai ta tsaya a bakin ƙofar ta buɗe hannuwa.

"Baiwar Allah, ki ruhwa min asiri. Shekara biyu ina soya kihi kahin in samu wanga. In kinka ɗauke shi, bisa mi za ni kai ɗiyata?"

Na dubi matar nan. Ita tana ɓoye tsoho don a ce sabo ne, mu kuma ga sabo can ya karya mana tsohuwa. Abin ya ba ni haushi har ya so ya ba ni dariya.

"Kin san gadon fomeka, mai madubi?"

"Irin na matan alhazai?"

"Kwana tara anka yi bisa nai. Ki ba ni wanga, ki ɗauki wancan, da katihwa da komi."

Ta ɗauka ba'a nake mata. Sai da na dafa kaina na rantse. Ban tambayi Abdussamadu mai gadon ba, ban kuma yi niyyar tambayarsa ba. Shi wa ya tambaya?

Washegari da hantsi muka iso Nasarawa a bayan a-kori-kura, ni da mijin Riskuwa da ƙanensa. Suka kwance na fomeka suka fitar, matan unguwa na leƙe suna salati, ana Laure ta haukace. Aka ɗaura na ƙarfe a daidai inda yake da, ƙafafunsa suka koma cikin ramukan da suka yi wa daɓen. Na kawo katifar rimin da na adana a ɗakina na shimfiɗa. Zuciyata fes, har ina haki.

"Inna, ga gadonki ya dawo."

Na kama hannunta na ɗora a kan ƙarfen wajen kai. Ta shafa a hankali, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ta sake shafawa. Ta kai yatsun hancinta ta sansana. Sannan ta janye hannun ta mayar cikin bargo.

"Wanga ba nau ba ne."

"Wallahi shi ne, Inna. Fenti anka yi mai."

"Nau sumul yake, inda nika kamawa har ya lotsa. Wanga kaushi gare shi, ga wari. Kin tausaya min ne kinka samo wani. Allah shi yi miki albarka, amma ki maida ma mutane kayansu. Ban cikawa bisa gadon da ban san mai shi ba."

Na yi rantsuwa, na yi magiya, na yi kuka. Na kira Malam Kalilu ya shaida mata daga bakin ƙofa. Ta ce ta ji, ta gode, amma hannunta bai taɓa yi mata ƙarya ba. Da na ce bari mu ɗaga ta mu ɗora ta ko da na ɗan lokaci, sai ta riƙe bakin tabarma da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

Kwana biyu bayan nan, da la'asar, ta cika a kan tabarmar, kanta a cinyata, gadonta na tsaye kusa da ita babu kowa a kai.

Abdussamadu ya iso bayan an dawo daga maƙabarta. Ya shigo ɗakin idonsa jawur, ya tsaya yana dube-dube.

"Yaya Laure, ina gadon da nis saya mata?"

Nan fa abin da na haɗiye wata guda ya taso mini. Ta ce in na gaya masa ba ta yafe ba, to Allah ya yafe mini, na gaya masa. Na gaya masa ba santsin ruwa ba ne. Na nuna masa inda bakin durowar yake a da, na nuna masa tabarma. Na ce gadonsa na Argungu, za a kai ɗiyar masunci ɗaki da shi, in yana so ya je ya ƙwato, ya kai ni gaban alƙali.

"Don abokan aikinka kada su yi maka dariya! To ga su can waje sun cika zaure, tahi su yi maka ta'aziyya. Uwarka abu guda tar roƙa duniyar ga, ta cika bisa gadonta, ba ta samu ba."

"Na tambaye ta," in ji shi. "Wallahi sai da nit tambaye ta. Mi yah hana ta ce ba ta so?"

"Shekarunka arba'in da biyar. Yaushe ta taɓa ce maka tana so ko ba ta so? Kai ka hi kowa sanin ba ta iya buɗe baki gabanka. Ni ina nan bayan katanga, mi yah hana ka tambaye ni?"

Gaskiyar kuwa, da ya tambaye ni ɗin, ban san ko da na iya karya maganarta ba.

Ya matsa jikin gadon, ya durƙusa a wajen kai, ya shafa koren ƙarfen da tafin hannu. Daga zaure aka aiko ana kiransa, manyan baƙi sun iso daga Sakkwato. Aka sake aikowa. Na fita na ce su jira, na dawo na tsaya a bakin ƙofa.

Ya fito da makullin motarsa yana kankare fentin a hankali, kaɗan-kaɗan, ɓarɓashin na zuba a kan farar shaddarsa.